Dodon Evert Ya Shekara Sha Ɗaya a Kwali

Hudiksvall,
4 ga Maris, 1996.

Zuwa ga mijina Ulf,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fata kana lafiya, kuma teku ba ta jijjiga jirginku fiye da kima. Yaya gwiwar taka? In har yanzu kana hawa da sauka a ɗakin injin nan ba ka ɗaure ta ba, ka sani raina ya ɓaci tun daga nan. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙarar bakin ruwa ba ta fara narkewa ba, kyanwarka kuma ta ƙwace gefenka na gado.

Gyara zama ka ji labari. Evert zai yi aure. E, Evert namu mai gyaran agogo, wanda ka ce agogo kaɗai zai aura. Sunan amaryar Solveig, ma'aikaciyar jinya ce a garin Tromsø na ƙasar Norway, kuma can zai koma da zama ƙarshen watan nan. Na yi murna har na rungume shi, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi.

Jiya ya kawo ta gidanmu ta ga wasan da ke cinye masa kowace Lahadi. Kai dai da ka ji ƙarar 'ya'yan ludo sai ka ɗauki hularka ka fice, to ga abin da kake gudu: ƙarfe biyu na rana mu zauna a teburin kicin, Evert ya ba da labari, ni da abokanmu Kerstin da Folke kowa ya zama mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Solveig ta ɗauki murfin kwalin wasan ta karanta sunansa da ƙarfi: Dodon Tsaunin Ƙanƙara. Ta dubi zanen, ga shi nan da fukafukai yana aman wuta. Sai ta ce, “To, yaushe kuka kashe shi?”

Folke ya hau binciken ƙasan kofinsa. Evert ya ce, “Tambaye su, ga su nan. Shekara sha ɗaya ina nuna musu hanyar tsauni.”

Da gaskiyarsa. Tun da muka sauka a ƙauyen gindin tsaunin ba mu ƙara gaba ba. Jarumata mai gatari, wadda aka ce ta taɓa tare runduna ita kaɗai, ta buɗe gidan burodi. Bokan Folke ya zama dagaci, yana sasanta rikicin shinge. Ɓarauniyar Kerstin ta auri maƙeri, 'ya'yansu uku. Solveig ta yi dariya har ta ƙware, ta ce ai mai kamfanin ya yi kuskuren suna, Burodi da Rikicin Shinge ya kamata ya rubuta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ta gaya mini muna wanke kofuna. Ashe Evert yana da mutum-mutumin dodon, na dalma, a cikin kwalin takalmi. Kowace Lahadi yana cikin jakarsa, ya zo da shi ya koma da shi, yana jiran ranar da za mu isa. Ban taɓa sani ba, Ulf, kuma na ji kunya ƙwarai, domin ni ce na fara buɗe shago.

Saura Lahadi uku. Na ɗauki alkawari sai dodon nan ya hau teburina kafin Evert ya hau jirgin ƙasa. Na gaya wa Kerstin da Folke kowa ya sallami iyalinsa na cikin labari, tafiya ta kama mu.

Ka kula mini da kanka, ka gai da mai dafa muku abinci, ka ce ya rage maka gishiri.

Matarka mai kewarka,
Gunnel.


Hudiksvall,
19 ga Maris, 1996.

Zuwa ga maigidana Ulf,

Gaisuwa irin ta kullum, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta iso, kuma na ga dariyar da ka yi mana shafi guda da rabi, gwiwa kuwa layi ɗaya ta samu. Za mu yi maganar in ka dawo.

Lahadi biyu sun wuce, kuma har yanzu ba mu ga ko jelar dodo ba. Amma wannan karon laifin ba namu ba ne.

Lahadin farko na rufe gidan burodi, na saɓa gatari, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba Evert ya ce ga biki a gefen hanya, uwar amarya tana kuka saboda mai burodinsu ya gudu. Na ce Allah ya kawo musu wani, muka wuce. Sai ya ce gada ta karye. Folke ya ce boka ne shi, zai daskarar da ruwan. Evert ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Au, ashe kana tuna kai boka ne, ranka ya daɗe dagaci?” Muka haye. Can sai ga wata tsohuwa akuyarta ta ɓata. Ka san Kerstin da dabba. Ina taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur tana cewa, “Minti biyar fa kawai, Gunnel, akuya ce mai ciki.” Akuyar nan ta cinye mana awa biyu da duk burodin kirfar da na gasa.

Lahadi ta biyu ya sa mana hazo, muka ɓata hanya sau uku. Da ɗan ludo ya nuna mun sami hanya, sai ya tuna bai zuba wa motarsa mai ba, ya tashe mu tun ƙarfe huɗu. Shi da a ƙafa ya zo.

Na kwana ina juya maganar, washegari na tafi shagonsa. Na tarar yana naɗe agoguna a tsofaffin jaridu. Na ce, “Ango, shekara sha ɗaya kana yi mana gori. Yau muna gudu zuwa tsauni, kai ke jefa mana akuya. Me ke faruwa?” Ya daɗe yana naɗe agogo ɗaya, har takardar ta yage. Sannan ya ce, “In dodon ya fito shi ke nan fa, Gunnel. Labari ya ƙare.”

Na so in yi masa faɗa, amma na fasa. Mutum ne da zai tafi wurin matar da yake so, yana murna har tafiyarsa ta sauya, kuma duk da haka tsoron rabuwa da mu uku ya sa shi karya gada. Na ce masa tikitinsa na aljihunsa, labari zai ƙare ko dodo ya fito ko bai fito ba, gara ya ƙare da wuta da ya ƙare a neman akuya. Na ƙara da cewa in ya sake sa mana hazo, ni zan buɗe jakar da hannuna. Ya ce, “Ke dai tun asali gatari ya dace da ke.”

Saura Lahadi ɗaya tal. Ka yi mana fatan alheri, ko da dariya kake.

Taka har kullum,
Gunnel.


Hudiksvall,
25 ga Maris, 1996.

Zuwa ga masoyina Ulf,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata ka tashi lafiya, kuma iskar tekun Biscay ta sassauta muku. Yau ba zan tambayi gwiwa ba, na ƙagu in ba ka labari.

Evert ya zo jiya da farar riga, har da laktaye a wuya. Bai sa mana komai a hanya ba. Cikin rabin awa muna bakin kogo. Ya share tsakiyar tebur, ya ɗauke sukari da madara, ya ciro kwalin takalmin ya buɗe.

Ulf, dodon nan ƙato ne, amma ba irin ƙaton da ke jikin murfi ba. Ya yi ɓul-ɓul kamar agwagwar da aka kiwata don biki, idanunsa sun nutse, haƙoransa sun zama dunƙule. Folke ya ce, “Wannan ai ya riga mu cin burodin.” Muka fashe da dariya. Sai Evert ya buɗe baki ya yi muryar dodon, nan take muka daina dariya. Ban san akwai irin wannan murya a ƙirjin mai gyaran agogo ba. Kyanwarka ta bi ta taga. Solveig ta ce a banɗaki yake gwadawa kullum da safe.

Mun yi yaƙi da gaske. Na sare shi sau biyu, Folke ya tuna duk tsafin da ya manta, Kerstin ta hau bayansa tana ihun sunayen 'ya'yanta uku. Duk a banza. Ya ƙone boka, ya murƙushe ɓarauniya, ni kuma ya haɗiye ni da gatarina. Shekara sha ɗaya muna tafe, minti arba'in ya gama da mu. Ban taɓa jin daɗin mutuwa irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin Evert yana dariya har yana dukan tebur ba sai jiya. Solveig ta ɗaga murfin kwalin ta ce ta janye ƙararta, wasa ya cika sunansa.

Da muka zauna shan kofi na tambaye shi me ya sa dodon ya yi ƙiba haka. Ya ce fenti ne. Duk farkon shekara sai ya sake masa sabo a kan tsoho, wai bana za mu zo. Ya sa farce ya kankare ƙasan fiffike ya nuna mana, launi a kan launi. Kore, shekarar da Kerstin ta koma sabon gida. Ja, shekarar da aka yi wa Folke aikin zuciya. Can ƙasa akwai shuɗi. Ya ce, “Wannan shekarar da mamanki ta rasu ce, Gunnel. A wannan dai ni na rufe hanyar tsauni, na yi ta turo miki masu sayen burodi. Na ga a can kike samun sauƙi.”

Ka tuna wannan shekarar, da ba na iya yi wa kowa magana, har kai. Na ɗauka ni ce nake ɓuya a gidan burodin nan ba wanda ya lura. Na yi kuka a gabansu, ban ji kunya ba, Kerstin ta taya ni, Folke ya ce hayaƙin dodo ne ya shiga masa ido.

Gobe da safe za mu raka su tasha. Zan gasa musu burodin kirfa na hanya, na gaske, wanda ake ci. Ka dawo da wuri, tsohona, ina da farin cikin da ya yi mini yawa ni kaɗai.

Matarka da dodo ya haɗiye,
Gunnel.