Ba Mai Gudun Miyan Rabi

Wanda ya tsinci takardar nan ya ajiye ta, ba da shi nake ba. Da ɗana na fari nake.

Assalamu alaikum, ɗana. Na san ba za ka karanta ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ƙanwarka Rabi ta sake faɗuwa. Farfaɗiyar ta buge ta a bakin murhu, hannunta na dama ya shiga garwashi. Tsakar gida cike da mata, amma kowace ta ja ɗanta baya, wai kada miyau ya taɓa su ciwon ya kama su. Sai da na fito daga wanka na janye ta. Yatsu biyu sun manne.

Ina alkawarin da ka yi mata? Kai ka ce kana aiki a kan na'urar da ake dasawa a kai, mai jin faɗuwa na tafe ta tare ta. Ka ce naka ɓangaren shi ne gidan na'urar, ƙarfen da ba ya tsatsa a jikin mutum, da waya siririya kamar zare wadda ba ta tsinkewa. Na ce injiniyan kirki rijiyar burtsatse yake haƙa wa mutanensa, ba ya tafiya wata ƙasa taɓa ƙwaƙwalwar da Allah ya rufe. Har yau ina ganin bai kamata ka yi nisa haka ba. Amma zanen da ka nuna mini, bayan ka fita na ɗauka na daɗe ina kallo. Kunyar ɗan fari ta hana ni cewa ka burge ni. Sai ka zo hutu, zazzaɓi ya ɗauke ka.

Yanzu wa zai ƙarasa? Abokan aikinka sun san akwai wata Rabi a Birnin Gwari? Maganin asibiti ya daina riƙe ta. Kawunku ya dage sai an kai ta wurin wani mai turare a bayan Tabanni, cikin dajin da manoma ma suka daina shiga. In ta faɗi a hanya, wa zai tallafe kanta? Ni kuma ƙarfina ya soma ƙarewa. Ranar da ba ni, wa zai janye ta daga wuta?

Jiya na tara mutanen gidan nan duka na kafa doka. Rabi ba ta zuwa daji. Ba a barin ta ita kaɗai kusa da wuta ko rijiya. In ta faɗi, na kusa da ita ya kwantar da ita ta gefe, ya share mata baki da hannunsa. Wanda ya guje ta, ko jikana ne, ya bar cin tuwon gidan nan.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Mahaifiyarka, daga Magajin Gari