Ƙofar Bayan Ɗakin Kwana

Litinin, 3 ga Maris, 1997

An ba ni mutum uku in koya musu duba shirin ko-ta-kwana a makarantun Karaye da Rogo: Lado, Lukumanu da Maijidda. Wato in gobara ta tashi, wa zai yi me, ta ina za a fita. Ni kaina ɗan kwas na yi a Kano, yanzu wai ni ne gwani. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Na ce su ɗauka wuta ta kama ɗakin kwanan yara. Lado ya zabura: "Subhanallahi! Malam, a daina mugun fata." Da ƙyar ya yarda faɗin abu ba kiransa ba ne.

Talata, 4 ga Maris

Darasin yau ɗaya ne. Kada a tambayi mutum "akwai?" Mutanenmu ba sa ce wa baƙo babu. A ce "a nuna mini." Bokitin yashi, a nuna. Ƙararrawa, a kaɗa. Ƙofa, a buɗe ta a gabanka. Maijidda tana rubutu, Lukumanu yana hamma.

Alhamis, 6 ga Maris

Makarantar Baba tana cikin rabonmu.

Shi ne shugaban makarantar kwanan 'yan mata, shi ne kuma mahaifin Baraka matata. Ko a nan ba na iya rubuta sunansa. Tun da ya ba ni 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, ido a kan tabarma. Mutumin nan zan ce wa ya nuna mini? Su ukun zan tura, ni in tafi makarantar Kafin Dafga.

Litinin, 10 ga Maris

Sun dawo baki da maiƙo. Fura da nono, har da zabi. Lado ya ce, "Malam, komai akwai, alhamdulillahi."

Da mazan suka fita Maijidda ta tsaya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar bayan ɗakin kwana da ƙaton kwaɗo a jikinta, an jingina mata buhunan gyaɗa. Na ce a buɗe, Lado ya harare ni, wai surukin Malam ne fa."

Yara fiye da sittin. Tagogi duk ƙarfe. Babu lantarki, da aci-balbal suke karatu a kan gado. Ƙofa ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Na bi ta hanyar da ta kamata, na roƙi Goggo Hajo, ƙanwar Baba, ta yi masa maganar. Amsar da ta kawo: saboda ɓarayi aka rufe, kuma shekara nawa ba abin da ya faru. Wai a gaishe ni da aiki.

Baraka ta ce, "Don Allah kada ka kunyata shi a gaban malamansa."

Juma'a, 14 ga Maris

Lukumanu ya ɗaga hannu: "Malam, to idan mai wurin babba ne a gare ka fa?" Ɗan banza, ya san abin da yake yi. Na ce aiki aiki ne. Duk suka sunkuyar da kai, ni ma haka.

Asabar, 15 ga Maris

Na hango hayaƙi ta wajen Rogo, na hau babur ko hula babu. Ashe sharar gona ake ƙonawa. Tsoro nake ji, gaskiya.

Talata, 18 ga Maris

Na je da su ukun. Na gaishe shi a ofis yadda na saba, a tsugune, muka yi gajiya da iyali da zafi har gaisuwa ta ƙare ba sauran abin fakewa. Ya ce a kawo ruwa. Na ce sai mun gama. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Muka zagaya bayan ɗakin kwana, malamai suna biye. Ya ce mabuɗin yana nan, ba matsala. Na ji idon Maijidda a ƙeyata. Na ce, "Baba, a nuna mini." Muryata kamar ta ɗan akuya.

Lado har ya ja da baya.

Bai aiki kowa ba. Da kansa ya tafi ya ɗauko, ya sa aka janye buhunan, ya zura mabuɗin. Ya murɗa, ya ƙi. Ya sake. Tsatsa ta cinye kwaɗon. Dattijo yana ta kokawa da shi, gumi yana ɗiga a kan rigarsa, yara sun taru a taga suna kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na miƙa hannu in taya shi sai ya ture hannun.

Can ya tsaya, ya dubi yaran nan ta cikin ƙarafan taga, ya daɗe yana dubansu. Ya ce wa maigadi, "Sulle, kawo guduma."

Da kansa ya fasa kwaɗon. Ya juya ofis bai yi mana sallama ba. Ruwan ma ba a kawo ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Baraka tana ajiye mini abinci ta fita. Lado kuwa, an ce jiya a Ruwan Bago ya sa wani hedimasta ya kaɗa ƙararrawa a gabansa, ashe ba ta da harshe. Ya dawo yana ta ba da labari kamar shi ya ƙirƙiro aikin.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je gaisuwa gidan Baba. Ya amsa a taƙaice. Ina shirin tashi ya ce an sa sakata ta ciki, wadda ko 'yar aji ɗaya za ta iya zarewa, in turo yarinyar nan Maijidda ta gani da idonta. Ban sani ba ko ya huce.

Da na dawo na ce wa Baraka ashe Baba yana da tabo a girar hagu. Ta ajiye tsintsiya ta ce tun yana yaro saniya ta yi masa, yaushe na gani?

Na ce mantawa na yi na ɗaga kai.