Gishirin da Ruwa Ya Jiƙa

Zuwa ga 'yata Narelle,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin naki, ya zafin Townsville? Mu nan sai fari, ƙasa ta zama toka.

Ba za ki yarda ba, babanki ya shiga horon makiyayan da ake yi a Hughenden. Ni na ja shi. Ranar farko ya ce wa malamar, "Yarinya, tun ba a haifi uwarki ba nake kiwo." Ta ce, "Shi ya sa filinka ya tsufa tare da kai, Athol." Dariyar da aka yi masa ce ta sauko da shi.

Ya bi maganarta. Mun sayar da yawancin garken, mun kulle filin bakin rafi ya huta. Jajayen shanun nan jinin garken kakanki kawai ya riƙe, ya ce su ne sauran abin da ya sa yake saka takalmi da safe. Busasshiyar ciyawa ba ta riƙe su, don haka muna zuba musu gishirin lasa mai yuriya a rabin duro. Malamar ta ce a yi wa durorin rumfa, don in ruwa ya taru a kai guba ne. Ya ce, "Wane ruwan? Na kalli sama har wuyana ya ƙage." Kin dai san shi.

Ki ci abinci, kin rame a hoton nan.

Mamanki,
Noeleen

Narelle 'yata,

Da fatan kina lafiya. Ban iya faɗa miki ta waya ba, shi ya sa na rubuto.

Muna gari wajen rufe horon aka kece da ruwa. Tsofaffi suka fita titi suna tsalle, babanki ya saya wa kowa giya. Yana cikin dariya na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Noeleen, durorin." Muka hau mota, amma rafi ya riga ya cinye hanya. Sai da ya janye muka wuce.

A gindin durorin muka sami shanun kwance, cikinsu ya kumbura. Ko ɗaya ba ta tsira ba. Malamar ta zo ta taya mu binnewa. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Zuciyata ta karye, amma ba shanun nake wa kuka ba. Ba ya ci, ba ya faɗa, ko kare ba ya kira. Jiya aka sake ruwa, ƙanshin ƙasa ya cika gidan. Ya tashi a hankali ya rufe tagogi duka, ya koma ya zauna.

Ki zo gida, don Allah. Kada ki jira Kirsimeti.

Taki har kullum,
Mama