'Yar Yaya da Bizar Tailan

Bur Dubai,
9 ga Afrilu, 2013.

Zuwa ga ƙanena Issoufou,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Sunisa da yarinyar. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku daga wulaƙancin baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa. Maigidana Mijinyawa yana nan yana fama da shagon kayan gyaran mota a Ras Al Khor, ƙafar tasa ta yi sauƙi tun da ya ajiye taurin kai ya fara shan magani. Daga Maradi kuma wanka Ado ya bugo makon jiya, ya ce an tayar da katangar gidan Inna da ruwan bara ya kayar, matarsa kuma ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Mika'ilu. Na shida ke nan. Na yi masa barka da bakina, Allah kuma ya san abin da zuciyata ta ce.

Na san kana jin haushina tun ranar da na kashe maka waya kana tsakiyar magana, ka sake kira sau huɗu ban ɗauka ba. Ba layi ne ya yanke ba, ni na yanke shi. Da na ci gaba da saurarenka a ranar, da na faɗi maganar da ba za ta gyaru ba. Shi ya sa na zaɓi takarda, don ita ba ta katse mutum. Chamsou, ɗan garinmu da ke kasuwanci a nan, zai taso Bankok sayen kaya jibi, shi zai miƙa maka ita hannu da hannu. Ka karanta har ƙarshe kafin ka buɗe ɗaya ambulan ɗin da ke ciki.

Bari in maimaita abin da ka gaya mini, ka ga ko na fahimta daidai. Ka ce kamfanin da ke riƙe da bizarka ta aiki ya rufe, hanyar aure kuma ta tsaya saboda takardar da kake jira daga Yamai har yau ba ta iso ba. Abin da ya rage maka shi ne hanyar yarinyar, tunda uwarta 'yar ƙasa ce, ita ma 'yar ƙasa ce, kotu kuma ta riga ta tabbatar kai ne ubanta. Ka ce uban ɗan ƙasa yana iya samun ƙarin kwana sittin na ziyarar ɗansa, ka kuwa riga ka cinye su. Yanzu ta shekara guda kake nema, wadda ake sabuntawa duk shekara muddin kana zaune da 'yarka kana ciyar da ita. Ka kai takardar haihuwa, da ta gidan da kuke, da shaidar banki, da hotuna, har da zanen hanyar zuwa gidanku. Aka buga maka kwana talatin aka ce ana dubawa. In aka ƙi, sai ka tattara ka fita ƙasar, ka je maƙwabta ka sake neman shiga, ba tare da sanin ranar dawowa ba. A lissafina, ranar da Chamsou zai sauka saura maka kwana tara.

To sai batun jami'in da ya zo duba gidan. Wallahi da ba kuka ya fi ƙarfina ba, da na yi dariya har na faɗi. Mutum ya tambaye ka sunan 'yarka, ka sunkuyar da kai kana murza hula. Ya sake tambaya, ka nuna ta da baki ka ce ai 'yar Yaya ce ta Dubai. Ya ciro hotunan da ka kai da hannunka, ya ga a kowanne kana tsaye can gefe, hannu a baya kamar mai jiran sallar gawa, yarinya tana jikin uwarta. Ya fita ya tambayi maƙwabta, matar da ke sayar da shinkafa a ƙofar gidanku ta ce shekara huɗu ba ta taɓa ganin ka ɗauke ta ba, ba ta taɓa jin ka kira sunanta ba, kai da bakinka kuma kake gaya wa kowa ta yayarka ce. Me kake so bawan Allah ya rubuta? Shi bai san kunyar ɗan fari ba. Bai san cewa ban da kasancewarta 'yar fari, sunan mahaifiyarmu ta ci, nauyi biyu ke nan a harshenka. Abin da a Maradi za a ce yaron nan yana da tarbiyya, a can ya zama alamar mai ƙaryar haihuwa. Ni na koya maka wannan kunyar, ban musa ba. Amma ban ce ka kai ta ofishin biza ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na kashe waya shi ne da ka ce sun buƙaci takarda daga yayar nan ta Dubai, mai sa hannu da hatimi, wadda za ta ce yarinyar ba tata ba ce, ba ta da wani iko a kanta. Ka faɗe shi da sauri, kamar kana cewa in turo maka turare. Issoufou, ka manta ne? Ina da shekara goma sha ɗaya aka haife ka, Inna tana jinya, a bayana ka yi wayo. Ranar da Inna za ta cika, shekarata tara da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, ta riƙe hannunka ta ce duk abin da Allah ya fara ba ka, mace ko namiji, na Safi ne. Ka ce ka ji, ka ɗauka. Da aka haifi yarinyar kai ka bugo mini, ba ka ce an haifa maka ba, ka ce Yaya, 'yarki ta iso. Ni na sayi ragon suna. Aka ce sai an yaye ta, na jira. Aka ce sai ta yi ƙwari, na jira. Mijinyawa ya sha gaya mini cewa a nan ba a sa 'yar ƙani a ƙarƙashin bizar mutum, na ce to in koma Maradi da ita, in buɗe ɗakin Inna mu zauna. Akwai akwati a ƙarƙashin gadona da nake zuba mata kaya tun tana wata uku, duk lokacin da na ratsa kasuwar yadi sai na yanko wani abu. Rigunan farko sun yi mata kaɗan ba ta taɓa ganinsu ba.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kuma na daina jin kunyar faɗa. Ina kishin Sunisa, da ta zo jiya jiya ta samu abin da na shekara ashirin da biyu ina roƙo. Ina kishinka, da Allah ya ba ka 'yar da tun ba ta iya ɗaura zane ba ta zame maka turke a ƙasar mutane. Har ƙasar taku nake kishi. Ashe akwai inda ake duban mutum a ce zauna, saboda kana da ɗa a nan? Mu shekararmu goma sha biyu a garin nan, na san kowane lungu daga nan zuwa Deira, masu kwalekwalen haya da ake kira abra sun san fuskata, amma ranar da mai shagon Mijinyawa ya ce khalas, wato an gama, wata guda za a ba mu mu kwashe tsummokaranmu. Maƙwabciyata Tabitha, 'yar Zariya da ke aikin jinya, a nan ta haifi 'ya'yanta uku, ko ɗaya bai zama ɗan ƙasa ba, ita ke riƙe da su da takardar aikinta. Ita ko ba komai tana da waɗanda za ta riƙe. Ni bizata a jikin ta miji take, shi tasa a jikin shago, in ka bi igiyar har ƙarshe ba za ka tarar da kowa ba. Ita yarinyar nan ce kawai nake cewa tawa, ita ma ga shi za ta riƙe wani ba ni ba.

Sai kuma ka turo sababbin hotunan da kuka ɗauka don ofishin, wai in gani in san da gaske kake. Da ba ka turo ba. Ga ka zaune a tabarma, ta hau cinyarka tana jan gemunka. Ga ka a ƙofar gida kusa da lambar gidan, ka ɗora ta a wuya. Ga ka kana ba ta abinci a baki. Ka ce mai hoton ne ya ce ka yi dariya. Ƙarya kake, ɗan nema. Ni na raine ka, na san dariyarka ta dole, na san ta gaske. Ban taɓa ganin haƙoranka a waje haka ba tun kana yaro. Na daɗe ina kallon hoton nan, na ga ashe shekara huɗu kana yunwar ɗaukar 'yarka, kunya da alƙawarina suka ɗaure maka hannu. Na ji haushinka, na ji haushin kaina, na kife wayar a kan gado na shiga wanke kwanonin da na riga na wanke.

Washegari Sunisa ta kira ni da kanta. Ban sani ba ko ka san ta kira. Turancinta guntu, nawa guntu, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mun fahimci juna. A bakinta na ji cewa sai ranar da jami'in nan ya zo ta san an yi kyauta da 'yarta tun kafin a haife ta. Ita duk zatonta 'yar Yaya wani suna ne na lele irin namu. Wannan kam ka yi wauta, Issoufou, kuma ka zalunce ta. Na shirya mata baƙaƙen maganganu, ina jiran ta ɗaga murya in sauke mata su. Ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi tun ranar ba ta iya barin yarinyar ko wurin kakarta, in ta ji ƙarar jirgi sai gabanta ya faɗi. Ta ce in an kore ka ta rasa miji, in ka zauna kuma tana tsoron ta rasa 'ya, ta tambaye ni wanne zan bar mata. Na tuna yadda nake ji da akwatin kaya kawai, balle wadda ta yi naƙuda.

Na kai ƙara wurin Mijinyawa ina zaton zai taya ni faɗa. Ka san shi, sai da ya gama shan shayinsa. Ya ce alƙawari kaya ne, gaskiya, amma Inna ta ɗora maka shi ne tana zaton za ka yi aure a bayan gidanmu, inda yarinya za ta karya a wurina ta ci na rana a wurin uwarta. Ya ce Inna ba ta san Bankok ba, ba ta san biza ba, kuma in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Ya ce in na riƙe alƙawarin, zan raba 'ya da uwa, in raba uba da ƙasar da iyalinsa suke, sannan in zauna da yarinyar da za ta girma ta san ni na yi. Kwana biyu ban yi masa magana ba, don na san gaskiya ya faɗa.

Ranar Lahadi Tabitha ta raka ni wurin masu buga takardu. Mai bugawar ya tambayi sunan yarinyar, sai ga ni ni ma na yi shiru ina kallon ƙasa, ni da nake yi maka dariya. Tabitha ta taɓa ni ta ce yalla, in yi sauri, mutane na jira a bayanmu. Na buɗe baki na faɗi sunan Inna a gaban baƙo, ya sa na maimaita sau biyu don ya rubuta daidai. Ya tambayi mene ne tsakanina da ita, na ce yayar ubanta ce ni. Da ya gama, Tabitha ta fassara mini layi layi: cewa ni Safi ban haife ta ba, ba ta taɓa zama a hannuna ba, ba ni da niyyar ɗauke ta daga iyayenta. Na nemi ƙarya ko ɗaya a ciki don in samu abin musu, ban samu ba. Muka je aka buga hatimi, na sa hannu. A hanyar dawowa Tabitha tana ta ba ni labarin asibitinsu, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Takardar ce a ɗaya ambulan ɗin. Ka kai musu da wuri, kada ka jira ranar ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. In jami'in ya dawo, ka ɗauki 'yarka a gabansa, ka kira sunanta da ƙarfi yadda mai shinkafa za ta ji daga waje. Sunan Inna ne, ni babbar 'yarta na yafe maka, na kuma sauke maka kayan da ta ɗora maka. Ka zaunar da Sunisa ka ba ta haƙuri, ka gaya mata ta bar tsoron jirgi. Akwatin ma na ba Chamsou, abin da ya yi mata kaɗan ku ajiye wa na bayanta. Kada ka ɗauka kishin ya tafi, yana nan daram, kuma duk shekarar da aka sabunta maka biza zan ji shi. Abu ɗaya nake roƙo. Ran Juma'a in kun kira ni ta Skype, kada ka bari ta ce mini Mama Dubai kamar yadda ka koya mata. Ka fara koya mata Gwaggo tun yanzu, don ya zauna a bakinta kafin ranar. In kuma kun ga hoton ya ɗauke bayan ta faɗa, kada ku sake kira, layin lafiyarsa lau.

Mijinyawa yana gaishe ka, ya ce ka riƙe addu'a. Tabitha ma tana gaisuwa. Ka gaishe mini da Sunisa da mahaifiyarta, da Maharazu abokin zamanka na kasuwa, da duk 'yan Maradi da ke can wurinku. Ka shafa mini kan yarinyar. Allah ya sa a buga maka shekarar, ya raya maka ita, ya sa ta ji ƙanka.

Taka har kullum,
Safi,
gwaggon Khadijatu.