Batirin da Aka Cika da Rairayi

Cake, 4 ga watan Afrilu

Zuwa ga aminina Lurwanu, a Maijirgi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mashekarinmu ba rezo, waya ba ta shiga, shi ya sa na ba direban kasuwa wannan takarda.

Ka tuna gwanjon da muka tarar a kasuwar Tasawa, inda mai jar hula ya hau bayan mota yana ɗaga kayan sola, mutane suna tayi? Kai ka riƙe mini hannu ka ce ka sayi irinsu wurinsa, wata biyu suna aiki a gidanka. Har ka taya sau biyu, sannan ka ce ka bar mini saboda na fi ka bukata. Na ɗauki fanno mai kama hasken rana da batiri da ƙaramin firigo na sanyaya nono.

Lurwanu, kayan ba su tashi ba. Na kira Salifu mai gyaran talho, ya jona, shiru. Da ya kwance batirin, rairayi ya zubo a tabarma. Fannon kuma gilashi ne aka manna wa baƙar takarda. Firigon ba inji a cikinsa.

Abin da ya fi damuna, saniyar da na sayar ba tawa ba ce. Jar saniyar Adama ce, matata, wadda ta gada wurin uwarta. Ita ta ce a sayar, don nononta ya daina lalacewa kafin ya kai kasuwa. Tun ranar, kullum tana dama fura tana kallon firigon.

Tunda kai ma ka saya wurinsu, wataƙila ka san inda suke kwana, ko kana da lambarsu. Ka taimake ni. Ka kuma buɗe naka ka duba, kada su cuce mu tare.

Ka gaida Rahina da yara.
Naka, Hammadu.

Maijirgi, 9 ga Afrilu

Hammadu,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, na yi baƙin ciki ƙwarai. Wallahi abin bai yi mini daɗi ba.

Nawa dai yana aiki. Ka san kayan gwanjo sa'a ne, wani ya dace wani bai dace ba. Lambarsu ba ni da ita, kuma an ce sun ƙetare iyaka. Ina ganin kada ka wahalar da kanka da zuwa wurin jandarma, tunda ba ka da resi na shaidar saye. Ka ba Adama haƙuri. Allah ya mayar da alheri.

Ina cikin hidima, zan zo idan na samu sarari.
Lurwanu.

Cake, 21 ga Afrilu

Malam Lurwanu,

Ina gaisuwa.

Ba su ƙetare iyaka ba. Ran kasuwar Mayahi Adama ta kai nono, ta ga motar, ta ga mai jar hula kamar yadda na kwatanta mata. Ta ajiye ƙwaryarta ta matsa don ta yi musu magana, sai ta hange ka cikin taron. Ta ce ta yi murna, ta ɗauka ka bi su ne saboda mu.

Tana tsaye a bayanka ka sunkuya wurin wata tsohuwa mai sayar da kuka. Ta ji ka da kunnenta kana cewa, "Inna, na sayi irinsa, wata biyu yana aiki a gidana." Ka taya sau biyu. Sannan ka ce, "Na bar miki, kin fi ni bukata." Tsohuwar ta kwance bakin zanenta tana sa maka albarka.

Da Adama ta gaya mini, na ce ƙarya take. Shekara goma sha tara ban taɓa ce mata haka ba, sai a kanka. Ta ce, "To je ka gani." Na hau moto na zo Maijirgi ran Laraba, ba ka nan. Rahina ta ba ni ruwa. Na ce ta nuna mini fannon gidan. Ta ce, "Wane fanno, Baban Kausar? Mu da muke kai talho caji shago?"

Ban gaya mata komi ba. Na sha ruwan na tafi.

Ni da kai mun yi karatun yaƙi da jahilci a benci ɗaya. Kai ka koya mini riƙe alƙalamin da nike rubuta maka wannan. Tambayata ɗaya ce. Ranar Tasawa, ka san ni ne?

Hammadu.

Maijirgi, 26 ga Afrilu

Zuwa ga Hammadu, idan har zai karanta.

Bayan gaisuwa. Na san kai ne. Ba zan ƙara maka wata ƙaryar ba.

Mu huɗu ne muke shiga taro kamar ba mu san juna ba. Mu muke fara tayi don kuɗin ya hau, idan mun ci kaya da yamma mu mayar mota ta baya. Na kan tebur da ake kunnawa kowa ya gani mai kyau ne, na cikin kwali ne ake ba mutane. Jikka uku ake ba ni kowace kasuwa. Na fara tun da hatsin bana ya ƙare mini a wata na biyu.

Ban kira ka wurin ba, Allah ya sani. Ganinka na yi kawai ka fito daga kara, kasuwar shanu, da kuɗin saniya a aljihu. Na Allah, mai jar hular, ya ga mun gaisa, ya yi mini ido. Ina iya jan ka gefe in ce mu je mu sha shayi. Na yi wannan tunanin, har na buɗe baki. Sai na ji kaina ina faɗa maka abin da nike faɗa wa kowa.

Da yamma ya ƙara mini jikka biyu, ya ce abokai sun fi saurin yarda. Na karɓa. Na sayi masara da su, mun ci.

Ba ni da saniyar da zan ba Adama. Ina da tunkiya biyu da amalanke, ka aiko a ɗauka. Roƙona kada Rahina ta ji, ta ɗauka dillancin awaki nike yi.

Ka yafe mini idan za ka iya.
Lurwanu.

Cake, 30 ga Afrilu

Lurwanu,

Na karanta. Adama ta ce ka riƙe tumakinka, 'ya'yanka ba su yi mata komi ba. Rahina ba za ta ji daga bakina ba.

An ce motar za ta zo kasuwar Cake wannan makon. Ni da Adama za mu tsaya a gabanta mu gaya wa mutane abin da ke cikin kwalayen. Na Allah zai ce mu 'yan daji ne, ba mu iya jona waya ba, kuma wasu za su yarda da shi. Kai ba zai iya ce maka haka ba.

Na san za ka zo, aikinka ne. Idan ka iso za ka same mu a hannun dama, kusa da masu gishiri. Akwai wurin tsayuwar mutum ɗaya a gefena. Maganar yafiya sai an tashi kasuwa.

Ka huta lafiya.
Hammadu.