Kofin Baba Mai Murfi

Brno, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Jarmila,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Ki gaida mijinki Ctibor, in ya sauko daga bas ɗin da yake tuƙawa.

Na ga saƙonki. Wato Ctibor yana so in aiko masa da furen hop, wanda ake sa wa giya, na shukar kakanmu, wadda na tono saiwarta da hannuna na dasa a bayan gidana, don ya sake dafa giyar Kirsimeti. Jarmila, shekara goma sha tara ni nake cika kofin Baba mai murfi ranar jajiberen Kirsimeti. Ni nake niƙa tsiron sha'ir, in tsaya kan tukunya tun safe har yamma, sannan giyar ta kwanta sati shida a ɗakin ƙasa. Mijinki kuwa? Ya fasa gwangwanin maɗin tsiro, ya juye a tukunyar miyarki, awa biyu ya wanke hannu.

Bara Baba ya kurɓi tawa ya ce madalla. Ya kurɓi tasa ya buga tebur ya ce, "Yau ga giya." A gabana aka juye tawa a gilashi aka cika mai murfin da tasa. Ko kifin da aka soya don jajiberen ban ci ba. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba, kuma ko fure ɗaya ba zan bayar ba.

Yayanki,
Vratislav

Louny, 17 ga Nuwamba

Yaya,

Muna gaishe ka. Baba lafiya lau, sai gwiwa.

Mutum da furfura har a gira, yana kishi da gwangwani. Ctibor ya ce in faɗa maka shi bai taɓa kiran kansa gwani ba, takardar jikin gwangwanin yake bi, ita ma da tabarau. Shukar nan ta kakanmu ce, ba kakanka kai kaɗai ba. Furen ne ke kawo ɗaci, kuma ɗacin muke nema. Ka aiko, don Allah, lokaci yana tafiya.

Ƙanwarka,
Jarmila

Brno, 21 ga Nuwamba

Jarmila,

Gaisuwa. Tunda kin sako kaka a maganar, ga ƙunshi nan. Ya zuba duka, kada ya yi rowa.

Vratislav

Louny, 26 ga Nuwamba

Yaya Vratislav,

Ina gaishe ka don tarbiyya, ba don na huce ba.

Ina buɗe ƙunshin wari ya buge ni kamar tsohon cuku. Furen shekara uku ka aiko, ya koma ruwan ƙasa. Ni da na tashi ina tsinkar hop tun ban kai tsayin kwando ba, ni za ka yi wa haka? Ctibor bai gane ba, har godiya yake yi maka. Wannan ya fi ƙona mini rai.

To saurara, ko da yake Baba ya hana ni faɗa. Tun ciwon da ya kwantar da shi shekara biyu da suka wuce, harshensa ba ya jin ɗanɗano. Sau uku yake zuba gishiri a miya. Giyarka mai laushin nan, ruwan famfo ce a bakinsa. Madallar da yake ce maka, don kada ranka ya ɓaci ne.

Bara Ctibor kuskure ya yi. Furen da ake jefawa a ƙarshe don ƙamshi, shi ya juye duka tun farko ya tafasa awa guda. Giyar ta fito kamar maɗaciya, ni ban iya gama rabin gilashi ba. Amma ita ce abu na farko da Baba ya ji a bakinsa cikin shekara guda. Bayan ka fita ka bugo ƙofa, ya zauna yana share ido da mayafin tebur.

Ka riƙe furenka. Za mu nema a shago.

Jarmila

Brno, 29 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Sau huɗu na karanta wasiƙarki, na sauka ɗakin ƙasa na tsaya ina kallon kwalabena arba'in. Na ji kunya. Tawa ba za ta gyaru ba, sati shida kuma babu shi. Ta gwangwani ce kawai za ta nuna kafin jajibere, abin haushin ke nan.

Kada ku je shago. Ga girbin bana duka, kore shar. Ki ce wa Ctibor gwangwani biyu zai fasa don ta yi ƙarfi, ya tafasa furen awa guda cur, daidai yadda ya ɓata bara. Ya bari ta huce kafin ya zuba yis, kuma ya wanke tukunyar nan, bara na ji albasa.

Har yanzu ba na son ganin mai murfin a hannunsa, shi ya sa bana ba zan zo ba. Ki ba shi haƙuri kan ƙunshin farko, in kin ga dama.

Yayanki,
Vratislav

Louny, 21 ga Disamba

Vratislav ɗana,

Ina gaishe ka. Jiya mun buɗe kwalba ɗaya don gwaji. Na ji ta. Ɗacin shukar babana ne, na gane shi tun kurɓin farko.

Ctibor ya ce shi ba zai taɓa mai murfin ba, kullum da kumfa yake cika shi. Ni kuma hannuna rawa yake. Yana nan kan tebur babu komai a ciki.

Jirgin ƙasa na ƙarfe tara yana tsayawa a Louny ranar jajibere.

Babanka