Gwangwanin Bakin Salansa

Litinin, 2 ga Yuni

Hadari ya haɗo da la'asar, ya yi ta cika baki, ya watse ko ɗigo bai zubar ba. Malam dai ya fita da sandarsa ya kifa wa tarakta gwangwaninta. Tun da ciwon gwiwa ya hana shi hawa kan taya ya koma haka. Ƙaramin gwangwanin fenti ne, ya naɗa masa waya ya yi madauki, sai ya rataya a ƙugiyar doguwar sanda, ya miƙa daga ƙasa ya kifa a bakin salansa, bututun da hayaƙi ke fita. Salansar a tsaye take, bakinta na kallon sama, duk ruwan da ya faɗa ciki inji zai nufa. In ruwa ya kwanta a kan fistin aka murza makulli, ƙarfe ya lanƙwashe, magana ta ƙare. Wannan karatu na sha shi a gidan nan har na haddace shi fiye da abin da na koyar a aji.

Da magini ya yi aikinsa daidai da duk ba a sha wannan wahala ba. Rumfar da ya gina mata ta yi ƙasa, bayan motar ya shiga, salansa ta tokare a bakin rufi. Shekara da shekaru ke nan, kujera a inuwa, inji a waje.

Alhamis, 5 ga Yuni

Babban yaro ya bugo waya. Bayan gaisuwa sai maganar nan dai. Ɗaki na nan a gidansa, asibiti kusa, jikoki na tambaya. Ya tuna wa ubansa alkawarin bara, cewa ranar da injin nan ya yi babbar mutuwa ba gyara, a sayar wa masu tsohon ƙarfe, mu tattara mu koma wajensa. Malam ya ce, "Na ji, ai da tsohuwar zuma ake magani," ya miƙo min wayar.

Ni kam na gaji, ban ɓoye wa kowa ba. Na gaji da warin baƙin mai a wanki, na gaji da gidan da sai ni sai shi sai kaji. Ina so in ga jikokina suna girma, ba in riƙa jin muryarsu a waya ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu. Da safe ya tayar da tarakta. Wasansa ne tun muna da ƙuruciya, ba ya cire gwangwanin, sai ya murza makulli hayaƙi ya cilla shi sama. Wai da tashin gwangwanin yake gane lafiyar inji. Yau ya faɗo kusa da randa, fili fetal, shi kuwa ya yi ta dube-dube ta wajen katanga. Ni na ɗauko na ba shi. Ya ce rana ce ta haske masa ido. Wace rana, gari a lumshe?

Talata, 10 ga Yuni

Na kai masa abinci gona. Layin huɗarsa ya karkace, shi da ake zuwa kallon aikinsa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Bari in rubuta yadda abin ya faru, tunda ba mai karantawa sai ni.

Jiya gab da magariba hadari ya taso da iska, ya fita da sauri ya dawo yana kakkaɓe riga, ya ce ya rufe. Aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye ina share ruwan tsakar gida, na ɗaga kai, sai na ga gwangwani a kan gajeren bututun nan na shan iska, wanda ke gefen salansa, wanda dama yana da hularsa, ba ya bukatar komai. Ita kuwa salansa bakinta a buɗe, ta kwana tana sha.

Ya fito da makulli a hannu. Ya taka matakala da ƙyar, ya goge kujera da tsumma, ya zauna. Ni kuma ina tsaye da tsintsiya, na yi shiru. Da gangan na yi shirun, Allah na tuba. Zuciyata ta ce min ba ke kika sa ba, ba ke za ki murza ba, kafin wata ya mutu kina can cikin jikoki. Har na sunkuya na ci gaba da shara.

Sai na ji yana yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda ya saba, wai, "To tsohuwa, yau ma a taimaka." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Malam, kada ka murza."

Ya ce me ya faru. Na ce gwangwani ba ya kan salansa. Ya dubi gabansa, abin da bai fi tsawon tabarma tsakaninsu ba, ya ce, "Ga shi can ina gani." Na ce a kan bututun iska yake.

Ya sake ƙura wa wurin ido. Sannan ya zare makullin ya sa a aljihu, ya ce in kira masa bakanike, Baƙin Mai. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi.

Juma'a, 13 ga Yuni

Baƙin Mai, bakanikenmu, bai samu zuwa ba sai yau da hantsi. Sunan ya bi shi, ko ranar aurensa ban ga farcensa da haske ba. Ya zaro ƙarfen awon mai ya nuna min, man ya koma kamar shayi da madara. Ya kwance nozul duka, ya fara juya injin da sifana a hankali, sannan ya ce in matsa. Da ya taɓa makulli sai ruwa ya yi tsartuwa daga ramukan, ya wanke masa fuska da baƙi. Na yi dariya ban shirya ba.

Ya ce, "Mama, da an murza ta jiya da sai dai a ɗora ta a sikelin masu tsohon ƙarfe." Ya zubar da man, ya zuba sabo, ya canja matatar mai, ya ce a sake canjawa bayan ta yi aikin kwana biyu. Kafin azahar tarakta ta tashi, ta yi tari da farin hayaƙi, ta daidaita.

Ya tambayi yadda aka yi ruwa ya shiga gidan da ko yayyafi ba a yarda da shi ba. Na buɗe baki zan ce iska ce, Malam ya riga ni. "Ni na sa a inda ba nan ba." Baƙin Mai ya sunkuyar da kai yana tattara sifanu, yaron yana da tarbiyya.

Ya kawo shawarar a sa mata murfin nan mai buɗewa da kansa in hayaƙi ya turo. Da ya ƙwanƙwasa salansar sai ya janye shawarar, ya ce tsatsa ta cinye bakin, ba za ta riƙe walda ba, irin tata kuma an daina kawowa. Gwangwani dai, gwangwani.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ba ya magana. Abinci ma sai ya taɓa ya ture. Ni ma ban matsa ba, ciwon ido sai haƙuri.

Litinin, 16 ga Yuni

Gari ya yi duhu da yamma, na ga ya ɗauki sandar ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa gaba ya kasa baya. Na karɓa na ce kawo, dama zan kwashe shanya. Ashe abin ba wasa ba ne. Sandar na rawa, gwangwani na lilo, kafaɗata kamar za ta cire, sau nawa yana faɗowa ina tsine wa magini. Daga bayana na ji ya ce, "Malama, ki ɗaga ya wuce bakin, sannan ki sake a hankali." Da gwangwanin ya zauna ya yi wata 'yar ƙara, ƙwal. Ya ce, "Yawwa, ya shiga." Da kunne ya gane.

Laraba, 18 ga Yuni

Yau ya faɗa da bakinsa, muna zaune bayan la'asar. Tun bara yake ganin komai kamar ta cikin hayaƙi, idon dama ya fi. Na ce shi ne ka rufe ni, ni da muke kwana ɗaki ɗaya? Ya ce, "In yaron nan ya ji, ba sai inji ya mutu ba zai kwashe mu." Ya kuma ce ya san inda raina yake.

Na ji kunya, na rufe da faɗa. Na ce mutum da girmansa ya zauna ya makance saboda tsohon ƙarfe, wannan wace irin dabara ce? Na ce zan gaya wa ɗansa, ko ya so ko ya ƙi. Ya tashi ya bar min wurin.

Asabar, 21 ga Yuni

Sauran gonar baya ba a huɗe ba, shuka kuma ba ta jira. Na je na tsaya a ƙarshen gona jikin bishiya da farin mayafi, ya riƙa saito ni, in ya juya in matsa gaba. Rana ta gasa ni, ƙafafuna sun kumbura. Layin ya miƙe dai. Maƙwabcinmu ya wuce a keke yana cewa Malama ta samu sabon aji, na ce ɗalibin ma ɗaya ne kuma ba ya jin magana.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na gaya wa babban yaro, ido da ruwa da komai. Ya yi salati, ya ce yanar ido ce wataƙila, aiki ne mai sauƙi yanzu, zai zo ya ɗauke mu. Sai ya ce to ai magana ta zo da sauƙi, ya san mai sayen tsofaffin motoci. Na ce alkawari cewa aka yi in ta mutu, ba ta mutu ba. Ya ce, "Umma, ke ce fa kike cewa in matsa masa." Na ce katin wayarsa zai ƙare.

Laraba, 25 ga Yuni

Yayyafi tun safe. Na canja wa sandar ƙugiya, ta da ta yi faɗi, shi ya sa gwangwanin ke zamewa. Yanzu bugu ɗaya nake sawa.

Asabar, 28 ga Yuni

Sun tafi. Yaron ya zo da mota, ya buɗe min ƙofar baya, ya ce matarsa ta gyara ɗaki har da sabon labule. Na ce kaji fa, wa zai kula da su? Ya ce maƙwabta. Na ce ba na ba maƙwabta amanar kaji. Ya dube ni, ya dubi ubansa, ya rufe ƙofar. Sai da mota ta tashi Malam ya sauke gilashi ya miƙo min makullin tarakta.

Gidan ya yi shiru. Na dafa abinci na mutum biyu saboda sabo.

Talata, 1 ga Yuli

An yi aikin jiya, na dama. Sun ce lafiya lau. Alhamdu lillahi. Na kasa zama, na wanke duk tsummokaransa na mai.

Alhamis, 3 ga Yuli

An cire masa bandeji. Ya kira ni da kansa, muryarsa kamar ta yaro. Wai ashe ƙaramar jikar tamu tana da wushirya, wai ashe furfurar ɗansa ta fito. Ya ce ya ga ɗakin da aka ware mana, yana da taga babba, famfo a ciki, asibiti ana hango shi daga ƙofa. Sai ya ce, "Malama, kin yi haƙuri da ni da yawa. In kin ce mu dawo nan, na yarda a sayar."

Na ce masa hadari ya haɗo, sai anjima. Gaskiya ne kuma, ya haɗo.

Iskar shekaranjiya ta ɗan karkatar da gwangwanin, na sauke na duba kafin in mayar. Gindinsa ya fara tsatsa, na ɗaga shi sama na ga haske ta wani ɗan ƙaramin huji. Na liƙe da kwalta na kifa, ruwa ya sauko ina shiga ɗaki.

Da aka ɗauke ruwan na leƙa wajen mai fenti, na ce ya ajiye min gwangwani biyu irin wannan in sun ƙare. Na yanzu ba zai kai baɗi ba.